Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Ruwa Ya Fi Ƙarfina

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka kammala mini gashin maƙogwaro, wato maganin da ake yi da hasken na'ura a asibiti, a Zariya, bayan zuwa sau 33 cikin mako bakwai, daga Litinin zuwa Juma'a. Na dawo gida Tudun Wada ina zaton wahala ta ƙare, ashe a lokacin ne ta miƙe ƙafa.

Kowa zai ɗauka tuwo ne zai gagari wanda aka yi wa aiki a wuya, amma ni ruwan randa ne ya fi ƙarfina, domin da zarar na kurɓa sai ya bi ta hanyar iska, in sarƙe, in yi ta tari har hawaye su zubo. Likitar da ke koya mini haɗiya ta bayyana cewa akwai wani ɗan murfi da ke rufe hanyar numfashi yayin haɗiya, kuma tabon tiyata da gashi sun sandarar da naman wurin, shi ya sa abu mai tsinkewa yake wucewa kafin ya rufe. Abin da ya gangara huhu kuwa yana iya jawo nimoniya.

"Baba, ku zauna a miƙe, ku sunkuyar da haɓa wajen ƙirji, ku haɗiye sau biyu kafin ku ƙara wani cokalin," in ji ta.

Gashin ya kuma ƙafar da yawuna, ga hunturu ya kama, har nakan farka cikin dare harshena ya manne da dasashi. Kunun tsamiya da duk abin da aka sa wa yaji sai suka zama kamar garwashi. Abin da ya rufa mini asiri shi ne kunun gyaɗa mai kauri da miyar kuɓewa, wadda a da nake rainawa, saboda yauƙinta yana rakiyar loma a madadin yawu. Sauran abincin kuma ta robar hanci ake ɗura mini.

Wata biyu ina cin abinci ni kaɗai a ɗaki saboda kunyar tarin, har ran da uwargida ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, yara fa sun ƙi taɓa kwano, sun ce sai ka fito." Na fito tabarmar tsakar gida, cokali shida na sha cikin rabin awa, autarmu tana ƙirgawa da ƙarfi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin ranar da aka cire robar.