Kayen da na miƙa da hannuna

Makon jiya na mayar da hatimin kwamitinmu na shawara kan shaye-shaye da ragowar takardu, na ce a nemi wani sakataren. Duk wanda ya tambaye ni dalili na ce masa ciwon baya ne da hidimar iyali. Ba ƙarya na yi ba, amma ba shi ke nan ba. Waɗanda muka sha zama tare a rumfar kwanon nan ta bayan ma'aikata sun san sauran zancen. Na ji an soma neman sabbin ƴan sa-kai, to don su nake rubuta wannan.

An tara mu ne a 2018, shekarar da Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan binciken nan na BBC da ya zagaye wayoyin mutane. Kowa ya san Maradi: abin da aka dafa a Katsina, kafin la'asar ƙamshinsa ya biyo hanyar Jibiya da Ɗan Isa ya iso mu. Sai mahukuntan ɗaya daga cikin gundumomin birni suka ce su ma suna son kwamitin da zai riƙa ba su shawara kan shaye-shaye. Aka kawo liman, da majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar unguwa, da wata Hajiya tsohuwar ungozoma, da wakilin ƴan kabu-kabu, da masu unguwa biyu. Ni kuwa aka ba ni biro da takarda, don ni ne malamin lakwal mai iya tsara rapor da Faransanci. Albashi babu. Wani lokaci a ba ka jika biyu kuɗin asansi, wani lokaci a ce Allah ya saka.

Watannin farko mun yi su ne muna cika takarda da abin da kowa ya riga ya sani: tarbiyya ta lalace, iyaye sun yi sakaci, a ƙara wa'azi. Ranar da na karanta wa kaina rapor na uku na ji kunya. Babu layi guda a ciki da wanda bai taɓa ganin ɗan ƙwaya ba zai kasa rubutawa. Daga nan na soma zuwa fada, wato wurin da samarin unguwa ke zaman hira da shayi.

Shiga fada ba wuya, a saki jiki da kai ne wuya. Wajen wata biyu ina zuwa bayan isha'i da sukari da ganyen shayi, in na iso a canza hira a koma ta ƙwallo. Abin da ya taimake ni shi ne wasu daga cikinsu ni na karantar da su. A hankali suka daina ɓoye hannu. Na ga yadda ake ɓare tramol, ƙwayar nan ta kashe ciwo, a jefa cikin kofin Nescafé, na ga yaro ya buɗe tafin hannu ya nuna mini nasa na yini. Majo ya taɓa gaya mana cewa wanda likita ke rubutawa mai 50 ne ko mai 100, kuma ko mai ciwo ba a wuce masa miligiram 400 a yini. Wanda ke yawo a aljihun yaran nan mai 225 ne, wani ya haɗiye huɗu kafin azahar. Shi ya sa za ka ga saurayi lafiyayye ya faɗi daga kan moto yana shure-shure, kumfa a baki, a ce aljanu ne.

Kuma yawancinsu ba don nishaɗi suka fara ba. Wannan ne abin da ban taɓa iya sa manya su ji ba. Ɗan kabu-kabu da zai kai wa mai moto kuɗinsa kowace yamma, ɗan dako a babbar kasuwa, mai tura kurar ruwa, mai noman lambu a gulbi da rana tsaka: ƙarfi suke nema a saya. In jiki ya saba kuma, ranar da bai sha ba zufa ce, da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da majina, ga barci ya ƙaurace. Wani ya ce mini (Mushe suke kirana, kamar yadda ake kiran malamin lakwal), "Mushe, yanzu ba don in ji daɗi nake sha ba, don in iya tashi ne."

Sai na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai bangon shuɗi. Duk wanda ya ce yana son ya bari, in rubuta sunansa, da unguwarsu, da abin da yake sha da yawansa, don majo ya san yadda zai riƙa rage masa a hankali. Kafin shekara ta zagayo sunaye sun haura ashirin. Kowane ɗaya sai da ya sa ni rantsuwa. Ina tuna wani ɗan kabu-kabu, siriri, mai yawan dariya, ya riƙe mini biro ya ce, "Mushe, tsakaninka da Allah ba za ka kai mu ba?" Na ce kayen nan daga ni sai majo.

Hajiya ta gan shi sau ɗaya a jakata. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Malam, asirin ɗan wani ba a ba takarda ajiya." Na yi murmushi irin na wanda ya yi boko.

Jami'in da ke kula da kwamitinmu mutum ne mai daɗin baki. Ba ya kirana sai da "shugaba", alhali ni sakatare ne. Wata ranar Talata ya sa aka kira ni ofishinsa ni kaɗai, aka kawo mini lemo mai sanyi. Ya ce wani furoje, wato shirin tallafi, na tafe, masu kuɗi suna son su koya wa matasan da suka tuba sana'a, za a ba da keken ɗinki da kayan walda, har da jari. Sai dai fa ba sa yarda da baki, sunaye suke so su gani. Ya ce, "Shugaba, aikin nan naka ne, kai za a ɗora a kai. Ba ni kayen a yi masa fotokofi, kafin ka gama lemon an dawo da shi."

Na daɗe ina gaya wa mutane cewa yaudarata aka yi. Gaskiya ne, amma an yaudare ni ne ta ƙofar da na bari a buɗe. Lokacin da ya ce ni za a ɗora a kai, na hango kaina a kan moto sabuwa da jakar furoje a kafaɗa. Ban ce bari in tambayi yaran ba. Ban ce bari in shawarci majo ba, ga shi ofishinsa tafiyar minti goma. Ban ko tambayi sunan masu kuɗin ba. Na zuge jaka na miƙa.

Ana saura kamar mako biyu a yi bikin 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, aka yi samame da asuba. Ba fada aka je ba, gida-gida aka bi, da suna. Wanda aka samu da ƙwaya a aljihu ya wuce gidan kaso, wanda ba a samu da kome ba iyayensa suka yi ta zarya kafin a sako shi. Ranar bikin aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka yi jawabi kan nasarar da aka samu "tare da haɗin kan al'umma". Ni aka zaunar a layi na biyu. An ma tafa mana.

Masu shigo da kayan kwali-kwali kuwa, waɗanda ko yaron goye a unguwa zai nuna maka ƙofar gidansu, babu wanda ya ji an ƙwanƙwasa masa. Ƙwayar nan ba a Maradi ake yin ta ba. Yawancinta daga Indiya take tasowa, ta sauka tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome da Legas, ta hau mota. Mai iya wannan hidima ba ya cikin kayena.

Na koma wurin jami'in raina a ɓace. Ko kujera bai nuna mini ba, shugabancin ma ya ƙare. Ya ce, "Mushe, dokar yaƙi da ƙwaya tun 1999 take, ni na rubuta ta? Mai laifi ne ka san inda yake, ka ɓoye?" Na tambaye shi furoje. Ya ce ana nan ana jira. Har aka ɗauke shi daga wurin zuwa gaba, ana nan ana jira.

Siririn yaron nan yana cikin waɗanda suka wuce kaso. Lokacin majo ya riga ya sauko da shi daga huɗu zuwa ɗaya a yini, ɗayar nan aka samu a aljihunsa. Mai moto ya karɓe abinsa ya ba wani. Kwana uku da kama shi uwarsa ta yi sallama a gidana da hantsi. Maiɗakina ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malam, ni na ce masa ya bi ka. Na ce wanda ya koya maka karatu ba zai cuce ka ba." Ta gyara lulluɓi ta fita. Na bi ta da ɗan abin da ke aljihuna, ta ce in riƙe, Allah na nan.

Da ya fito bayan watanni, ya koma sha fiye da da. Fadar kuma ta tashi daga inda take. Na yi shekara in na doso kowace fada a unguwar sai a kwashe kofuna. Sun sa mini suna, na ji shi a bakin ɗalibaina, ba zan maimaita ba.

Na zauna a kwamitin bayan haka ba don ina jin daɗi ba, don ina ganin bashi ne a kaina. Ban sake rubuta sunan kowa ba. Majo ya ɗauki nasa tsarin, kowa da lamba, shi kaɗai ya san mai ita, kuma duk jami'in da ya nemi jerin sunaye amsa ɗaya muke ba shi: babu. Sau biyu aka ce mana ba mu da haɗin kai. Mun ji, mun sha ruwa.

Sauran abubuwan da na koya ba su kai wannan nauyi ba. Zancen giya, misali: kowa a taro yana iya zagin ɗan tramol da mai shaƙar sholisho, amma ka ce giya sai a hau duban agogo, don masu shan ta a ɗaki a kulle ba ƴan dako ba ne. Manya suna tuna yadda aka ƙona mashaya a garin nan a 2000, kuma sun san ba a daina sha ba, wurin zama aka sake. Wanda giya ta kama sosai kada a kulle shi a ɗaki a ce ya bari dare ɗaya. Yankewa farat ɗaya tana kawo karkarwa da farfaɗiya, har ta kan kashe, a kai shi likita. Mata suna sha, matan aure ma, kuma namiji ba zai taɓa jin wannan ba, sai irin su Hajiya da ke shiga har ƙuryar ɗaki. Rufe iyaka da Najeriya ta yi a Agustan 2019 bai hana kome shigowa ba, hanyoyin daji sun fi a ƙirga. Rapor kada ya wuce shafi biyu. Shawarar da ba ta iso kafin a zauna kan kasafin kuɗi ba, ta shekara mai zuwa ce. Kuma kada ka ɗora aikinka a kan mutum guda: a Afrilun 2024 aka rushe majalisun garuruwa aka naɗa kantomomi, duk waɗanda muka yi shekaru muna fahimtar da su suka tafi rana ɗaya, muka koma bayani daga bismilla.

Akwai dai waɗanda suka bari. Ba su da yawa, amma ina ganinsu. Ɗaya yana da shagon faci a hanyar tasha, ya yi aure, bara ya aiko mini da goron suna. Ba a taɓa ambatonsa a wani jawabi ba, kuma ba ni na kai labarinsa ba.

Shi kuwa siririn, yanzu asansi yake sayarwa a kwalabe a bakin hanya. In na tsaya yakan zuba mini, ya ce "Mushe, ina wuni," ya ƙirga canji daidai ya miƙo. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma na kasa. Sau ɗaya na bar masa canjin, ya biyo ni da gudu ya sa mini a aljihun riga.

Kayen na ƙona shi tun a waccan shekarar, a murhun tsakar gida, maiɗakina tana kallo ba ta ce uffan ba. Fotokofin ne ban san durowar da yake ciki ba.