Laraba, ranar allurar Yaya

Yau aka yi wa Yaya allurar Botox a cinyoyi. Tun da hatsarin mota ya taɓa masa laka ƙafafunsa ke sandarewa, gwiwoyi su manne da juna, sai an yi da gaske kafin a raba su a yi masa wanka. Baclofen, maganin sassauta tsoka, yana ɗan taimakawa, amma yini yake sa shi gyangyaɗi.

Ni dai asalin maganin ne ya hana ni sukuni, don dafi ne da ƙwayar cutar Clostridium botulinum ke fitarwa. Na tambayi likita ba kwana-kwana. Ta ce yana tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka ta ɗaure, kuma a inda aka tsira shi ake so ya tsaya. Ba ta ɓoye mana ba, tun 2009 hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi a kwalinsa cewa yana iya yaɗuwa, ya kawo wahalar haɗiya ko ta numfashi, ko da bayan makonni ne. Ba kasafai ba, amma in muka ga haka, asibiti nan take. Shi ya sa ba a wuce yunit 400 cikin wata uku, ba a kuma maimaitawa kafin mako 12. Duk wanda zai rubuta masa gentamicin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma mu sanar da shi, don yana ƙara wa allurar ƙarfi.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne tsokar gaban cinya da likitar ta ƙi taɓawa. Ta ce masa, "Da wannan sandarewar kake dogarawa in za ka tashi daga keke zuwa gado. In na sake ta, faɗuwa za ka yi." Yaya ya yi dariya, ya ce ashe maƙiyi ma yana da ranarsa.

Ana tsakar yi sai fuskarsa ta jiƙe da gumi, ya ce kansa na sarawa. Masu rauni a laka daga gaɓar ƙashin baya ta T6 (saitin ƙirji) zuwa sama jininsu kan hau farat ɗaya in wani abu ya dami jiki, don haka dama nas na tsaye da abin awo. Suka zaunar da shi, ta duba robar fitsari, ashe ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Tana miƙe ta jinin ya fara sauka. Ni kam hannuna bai daina rawa ba sai a mota.

An ce sai nan da 'yan kwanaki za mu fara ganin canji. Litinin kuma sai gashin ƙashi, don likita ta ce in ba a miƙa tsokar ba, allurar ba za ta yi wani abin kirki ba.