Asabar a tafkin garinmu: ga ruwa, ba hanyar jirgi

Asabar, tsakiyar hunturu.

Yau ba makaranta, sai na bi Kawu ɗaga kalli, wato ragar kifi da ake dasawa ta kwana a ruwa. Tun jiya da la'asar ya dasa shi a gefen gabas na tafkinmu, wanda ke shan ruwa daga mashigar Marma kafin ta zube a tafkin Nguru. Muna idar da sallar asuba muka gangara. Hazo ya rufe ko'ina, ruwan kuwa in ka tsoma ƙafa sai ka ji sanyin har tsakiyar ka.

Tsohon mashigin da ke gindin tsamiya ya daɗe da mutuwa, kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cinye shi. Yanzu duk jiragen gari ta kafa ɗaya suke shiga, wadda aka sare da gayya bayan ɗaukewar ruwan sama. Faɗinta na jirgi ɗaya ne tak. Filafili ba shi da amfani a ciki, sai dai a tura da gora, ciyawar kuma ta ɗara tsayin mutum dama da hagu, ba ka ganin komai sai sararin sama. Mun yi nisa muka yi kiciɓis da wani dattijo yana fitowa. Kawu ya ce, "Barka da asuba, Baba, ya sanyi?" Ya amsa, ya tsaya yana kallonmu. Mu ne yara, mu muka ja da baya har inda aka ɗan buɗa gefe, ya wuce. Mai jirgin inji ɗaya da muke da shi ya jingine nasa tun kaka, don farfela ba ta minti biyu ba ta naɗe ciyawa ba.

Da muka fita fili, ruwa shimfiɗe, ba iska. Amma kamun bai taka kara ya karya ba. Ƙananan karfasa ne suka fi yawa, sai 'yan tarwaɗa, sai kurungu da ke cukurkuɗe raga da ƙayarsa har mutum ya rasa ta inda zai ɓullo masa. Kawu bai yi mamaki ba. Ya ce in sanyi ya kama, kifi ƙasa yake kwanciya ba ya yawo, kalli kuwa sai kifi ya yi tafiya yake cin sa. Abin da ya ɓata masa rai shi ne yagewar ragar a wuri biyu, inda ta maƙale a kututturen kachalar da aka sare. Na tambaye shi rabonsa da kama babban kifin nan, yauni. Dariya kawai ya yi, ya ce, "Ɗan nan, kama min igiyar can."

Masu gura, wato tarkon kifi mai kama da kwando, su ne da riba a wannan yanayi. Suna jera ta a bakin ciyawar da ɗan curin dusa a ciki, tarwaɗa kuma can take maƙalewa. Mai birgi, ragar da ake watsawa da hannu, shi ne abin tausayi, ba filin da zai watsa.

Duk wanda ya girme ni a garin nan zai gaya maka da ba haka ruwan yake ba. Kogin Haɗeja kan yi ambaliya da damina, ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe ƙarau. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ga laka tana taruwa, abin da kachala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan sauro da matsattsaku, tsuntsun jan-baki kuma a cikinta yake kwana ya wayi gari a gonar shinkafa. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai a irin wannan lokaci. Yau ma na ga garkensu suna shawagi. Suna da kyau, ba laifi, amma su ba sa neman hanyar jirgi.

Da hantsi muka fito muka tarar da cacar baki. Wasu samari daga ƙauyen da ke arewa da mu sun ɗauro jirgi a amalanke, nasu mashigin ya toshe gaba ɗaya, suna son shiga ta namu. 'Yan garinmu suka ce atafau, ranar da ake sara cikin ruwa iya ƙirji ba a ga ƙeyar kowa ba. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce ai ruwa na Allah ne. Sai da aka kira Sarkin Ruwa. Babbansu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, iyali muka baro ba cefane." Sarkin Ruwa ya sa aka kwance kayansu, ya ga ba ragar gidan sauro mai kwashe har 'ya'yan kifi a ciki, sannan ya yanke: su shiga yau, amma gayya mai zuwa su zo da laujensu, in ba haka ba kada a sake ganin jirginsu a nan.

Ni dai hukuncin ya kwanta min. Ruwa na Allah ne, gaskiya, amma kafar nan da gumi aka buɗe ta. Kuma saran ba na wasa ba ne: sai an yanke ciyawar a ƙarƙashin ruwa take ruɓewa, in aka sare ta sama-sama, kafin wata ya zagayo ta sake tofowa. Ƙarin hannu huɗu ya fi mana korar mutum huɗu.

Da rana matar Kawu ta ware tarwaɗar ta hau banda, karfasar kuma aka sayar wa masu suya a bakin kasuwa. Abin da aka samu da ƙyar zai sayi zaren ɗinke ragar da ɗan cefane. Ni aka ba ni kurungu, aka yi mana farfesu da dare.

Bayan isha'i mai shela ya zaga: gayya ranar Alhamis, za a faɗaɗa kafar yadda jirage biyu za su iya giftawa. Ina aji a ranar, don haka na ɗauki nauyin kunun masu sara, gobe kuma zan kai laujen Kawu maƙera a wasa shi.