Yadda nake haɗa shafin labaran tsofaffin ɗalibai

Ni ke haɗa shafin labaran membobi a mujallar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'armu: wa ya samu ƙarin girma, wa ya kammala digiri na uku, wa ya buɗe kamfani, wa ya yi ritaya, wa ya riga mu gidan gaskiya. Rubutun ba ya cin lokaci. Samo labarin da tantance shi ne ke cin makonni.

Ina farawa da fom a Google Forms, kuma ba na barin tambayoyin su wuce tara, domin in fom ya yi tsawo mutane kan watsar da shi a tsakiya. Ina neman sunan da ke jikin takardar digiri, sunan da mutum ke amfani da shi yanzu, lambar rajista, sashe, shekarar shiga da ta kammalawa, labarin, hoto, sai amincewar a buga. Shekarun nan biyu dole ne a raba su. Wanda ya maimaita aji ko ya jingine karatu yana ɗaukar kansa ɗan ajin da ya shiga tare da su, rajistar jami'a kuwa shekarar fita ta sani. In ka tambayi shekara ɗaya kawai, sai ka ajiye mutum cikin ajin da babu wanda ya san shi. Lambar rajista ce ke raba masu suna iri ɗaya. Wajen zuba bayanai a Excel, a saita layin lambobin waya a kan Text, wato rubutu ba lissafi ba, tun farko, in ba haka ba sifilin farko zai ɓace.

Tantancewa ita ce zuciyar aikin. Muƙaddashin shugaba daban yake da wanda aka tabbatar a kujerar. Digirin girmamawa daban yake da na bincike, kuma ina rubuta kowanne da sunansa. Shiga jerin waɗanda za a zaɓa bai zama lashe lambar yabo ba. Muƙamin farfesa kuwa ba na bugawa har sai hukumar jami'ar da mutum ke aiki ta amince, ko da abokai sun cika zauren WhatsApp da taya murna. Ina neman takardar naɗi ko sanarwar wurin aikin. Shafin LinkedIn yana nuna hanya, amma mai shi ne ya rubuta da hannunsa, sau da yawa kuma ya manta bai sabunta ba.

Labarin rasuwa daga bakin iyali kaɗai nake karɓa, tare da rana da cikakken suna. Saƙon da aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure yakan rikita masu suna ɗaya, kuma gyaran da za a buga a fitowa ta gaba ba ya goge tashin hankalin da aka jawo wa gida.

Kowane labari ina taƙaita shi zuwa kalma 50 zuwa 80, in jera su bisa shekarar kammalawa ba bisa girman muƙami ba. Sannan in mayar wa mai shi ya karanta kafin a buga. Abin da mutum ya faɗa wa 'yan ajinsu bai zama izinin yaɗawa ba, dokokin kare bayanai irin su GDPR ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a 2018, ma sun tsaya kan wannan. Lambar waya, adireshin gida da sunayen yara ba sa shiga shafin.

Hoto na da tasa matsalar. Maɗaba'a na son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton santimita 5 a kowane gefe yana bukatar kusan fiksel 600. WhatsApp yana matse hoto, don haka ina roƙon a turo shi a matsayin fayil ko ta imel.

Abin da ya fi damuna shi ne su wa ke amsawa. In ka rubuta "turo mana nasarorinka", manyan daraktoci da farfesoshi ne kawai za su cike fom. Malamin makarantar da ya shekara 20 yana koyarwa, da wadda ta koma karatu bayan ta raini 'ya'ya, da wanda ya bar ofis ya kama noma, duk sai su yi shiru, suna ganin ba su da abin faɗa. Alhali su ne mafi yawan membobi, kuma labarinsu 'yan aji ke nema. Shi ya sa na mayar da tambayar: "Me kake yi yanzu, kuma me ya canja tun bara?" Na kuma sa wakili ɗaya a kowane aji ya riƙa kiran mutum biyar da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, ya cike musu fom ɗin suna kan waya, ya karanta musu abin da ya rubuta kafin ya tura.