Daga Houston zuwa Austin a kan sawun Barbara Jordan

Bikin kammala jami'ar ɗiyar yayana ne ya kai ni Houston da ke jihar Texas a Amurka, amma tun ina Kano na ƙudurta sai na taka unguwar da aka haifi Barbara Jordan, lauyar nan baƙar fata da ta yi 'yar majalisar Amurka. Muna ɗaliban shari'a wani malaminmu ya taɓa kunna mana jawabinta na 1974, muryar nan tata mai kauri ba ta bar kunnena ba har yau. Da na faɗa wa Yaya, cewa ya yi, "Barista, in dai ita ce, babu wanda bai san ta ba a garin nan. Shirya in kai ki."

Houston gari ne na mota, mai tafiya a ƙasa sai ka nema. 'Yan Najeriya kuwa ga su nan jingim a kudu maso yammacin birnin, har da shagunan garin rogo da manja. Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne kuɗin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba. Sai ka je gaban mai karɓar kuɗi a ɗora maka haraji, kashi 8.25 cikin ɗari, kuma babu "rage mini". A Kantin Kwari ko ba a rage maka ba, an gaisa an yi raha.

Unguwar ana kiranta Fifth Ward, a nan aka haife ta ranar 21 ga Fabrairun 1936. Ƙananan gidajen katako ne, wasu fenti ya ɓaɓɓare, layin dogo ya ratsa, coci kusan kowace kwana. Mun tsaya tambayar makarantar Phillis Wheatley, inda ta yi sakandare, sai wata dattijuwa da ke zaune a barandarta ta yafito mu. Jin daga Najeriya na zo saboda Barbara, ta ce wallahi ba ma wucewa sai mun zauna. Ta shiga ɗaki ta fito da shayi mai ƙanƙara, ta koma za ta zubo wake, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi mayafina. "'Yata, da naman alade na dafa shi, ba na ba ki ba." Ta yanko mana burodin masara da ɗuminsa, ta zuba zuma a kai. Na ce, "Mama, Allah ya saka da alheri," Yaya ya fassara mata, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu. Irin wannan lura, ko a gida sai gidan da aka san mutunci.

A barandar nan na sake jera tarihin a raina. Lokacin da Barbara ta gama sakandare a 1952, Jami'ar Texas da ke Austin ba ta ɗaukar baƙar fata karatun digirin farko, sai ta shiga Texas Southern, ta yi suna a muhawara. Ta karanta shari'a a Jami'ar Boston, ta gama a 1959. Da ta dawo gida ba ta da kuɗin kama ofis, a kan teburin cin abincin iyayenta take ganin masu ƙara. Duk lauyan da ya fara da jaka ɗaya da tambari ya san wannan zaman.

Ta nemi kujerar majalisar wakilan jiha a 1962 ta faɗi, ta sake nema a 1964 ta sake faɗi. Ba ƙwazo ta rasa ba. A wancan tsarin gundumar Harris, wadda Houston ke cikinta, ce gaba ɗaya ke zaɓen kowane wakili, saboda haka ƙuri'ar unguwannin baƙar fata nutsewa take yi a cikin ta masu rinjaye. Sai da kotuna suka tilasta a sake yanka mazaɓu daidai da yawan jama'a, aka samu mazaɓar da ta haɗa da unguwarsu, sannan ta ci kujerar majalisar dattawan Texas a 1966. Rabon da baƙar fata ya zauna a zauren tun 1883. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Mu kan ce wa 'yan matanmu su dage kawai, alhali kan iyakar mazaɓa ma tana iya hana mai dagewa shiga. Sashe na 73 na kundin tsarin mulkinmu ya yi maganar sake duba mazaɓu, amma kujeru 360 na majalisar wakilai kusan yadda suke a 1999 haka suke, duk da yadda birane irin Kano suka tumbatsa.

Zuwa Austin motar haya na shiga, tafiyar kusan awa uku. Mai sayar da tikiti ko ɗaga kai bai yi ba, na yi tambaya ya nuna mini allo da biro. Na biya kuɗi masu ciwo in aka juya su naira, ko sannu ban samu ba.

Ginin majalisar jihar Texas da ke Austin na jan dutse ne, an kammala shi a 1888, kuma shiga kyauta. Na'urar bincike kawai na bi, babu mai tambayar wa ya aiko ni ko wurin wa na zo. Zauren dattawan kujeru 31 ne, kuma lokacin da ta shiga, sauran 30 ɗin duk fararen maza ne. Yau hotonta na rataye a bangon zauren. A nan ta taimaka aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a jihar. Mai zagayawa da mu ta ce majalisar sau ɗaya take zaman ƙa'ida a shekara biyu, kwana 140, albashin ɗan majalisa kuma dala 7,200 a shekara, ban da alawus ɗin zama. Shiru na yi, ina tuna jerin motocin da ke bin namu.

A 1972 ta ci zaɓen majalisar wakilai ta tarayya, mace baƙar fata ta farko daga kudancin Amurka. Ranar 25 ga Yulin 1974, a kwamitin shari'a mai duba tsige Shugaba Nixon kan badaƙalar Watergate, ta yi jawabin nan da ta ce imaninta da kundin tsarin mulki cikakke ne, ba kuma za ta zauna tana kallo a rusa shi ba. Nixon ya sauka ranar 9 ga Agusta. A 1975 ta tsaya kai da fata aka faɗaɗa dokar kare 'yancin zaɓe ta haɗa da masu jin Sifaniyanci a Texas. Sannan, tana kan ganiyarta, ta ƙi sake takara. Ta bar majalisa a 1979 ta koma koyarwa a Jami'ar Texas, wadda a da ba za ta ɗauke ta ɗaliba ba. Ciwon jijiya ya zaunar da ita a keken guragu, ba ta bar aji ba.

Na leƙa maƙabartar jiha inda aka binne ta a Janairun 1996, rana ta hana ni daɗewa. Daga Austin na tashi. Ginin fasinjojin filin jirgin sunanta gare shi, mutum-mutuminta na tagulla kuma na zaune a wajen ɗaukar kaya da littafi a cinya. Ruwan gora ɗaya a wurin ya kusa dala biyar, na haƙura har sai da muka shiga jirgi.