Matatar shawa da kulorin: a san ruwan gida kafin a saya

Tallan matatar da ake ɗaurawa a bakin shawa ya yawaita a kasuwannin intanet, kuma kusan dukkansu alkawari ɗaya suke yi, wato fata za ta yi laushi, gashi ya daina karyewa, saboda an cire sinadarin kulorin daga ruwan wanka. A ganina wannan na'ura tana da amfani, amma amfaninta ya taƙaita ga wani irin ruwa, don haka abin da ya kamata mai saye ya fara bincikawa shi ne ko akwai kulorin a ruwan gidansa tun asali.

Hukumomin ruwa suna zuba kulorin ne domin kashe ƙwayoyin cuta, kuma tun da aka fara yin hakan a kai a kai a birnin Jersey City na Amurka a 1908, ya kuɓutar da jama'a masu yawa daga taifot da kwalara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 5 a kowace lita, tana kuma son a samu saura kamar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a ruwan da ya iso hannun mai sha. Wannan ɗan kaɗan ba ya cutar da yawancin mutane, sai dai mai fata mai saurin bushewa, ko macen da ta shafa wa gashinta man miƙarwa ko rini, na iya jin ƙaiƙayi da ƙaushi, domin kulorin yana rage maiƙon da ke kare fata da gashi.

Wanda ke samun ruwan famfo daga matatun Tamburawa ko Challawa a Kano, ko daga madatsar Usuma a Abuja, zai iya tarar da kulorin a ruwansa. Amma gidaje da yawa a garuruwanmu da rijiyar burtsatse suke dogara, ko da ruwan 'yan garuwa, kuma irin wannan ruwa babu kulorin a cikinsa sai idan wani ya zuba. Ko ruwan hukuma ne ma, idan ya kwana biyu a tankin saman gida, yawancin kulorin ɗin yana gushewa da kansa. Takardar gwajin kulorin, irin wadda masu kula da wuraren ninƙaya suke amfani da ita, ita ce ke raba gardama, kuma kuɗinta bai kai na matata ba. Na'urar nan ta TDS da wasu 'yan kasuwa ke tsomawa a kofi ba ta auna kulorin, gishirin da ya narke a ruwa take nunawa.

Idan gwaji ya tabbatar da kulorin, sai a duba abin da aka cika matatar da shi, domin a nan ne ingancinta yake. Akwai KDF-55, garin jan ƙarfe da tutiya, wanda ke mayar da kulorin wani gishiri marar illa, kuma yana jure ruwan zafi. Akwai kalsiyam salfait, wanda shi ma yake aiki da sauri a ruwan zafi, ko da yake yana narkewa sannu a hankali har ya ƙare. Sarrafaffen gawayi, wanda ya fi dacewa da tace ruwan sha mai sanyi, ƙarfinsa yana raguwa idan ruwan ya fito daga hita yana gudu da sauri, don haka ba na ba da shawarar matatar da gawayi kaɗai ke cikinta. Bitamin C kuwa yana da wata fifiko, domin yana kashe ƙarfin kulorin da kuma kuloramin, wato haɗin kulorin da amoniya da birane da dama a Amurka ke amfani da shi, wanda sauran abubuwan ke shan wahalar cirewa. Matsalarsa ita ce saurin ƙarewa. Masu talla suna son ambaton hawa goma sha biyar ko ashirin na duwatsu kala-kala, alhali abin da ke da muhimmanci shi ne yawan sinadarin da ke aikin da kuma tsawon lokacin da ruwa ya ɗauka yana ratsa shi. Shaidar da nake girmamawa ita ce ta ma'aunin ingancin matatar shawa na Amurka mai suna NSF/ANSI 177, wadda ke nuna an gwada matatar an ga tana rage aƙalla rabin kulorin, kuma iyakar abin da take tabbatarwa ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sayar wa mutane matatar shawa a matsayin maganin ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wanda ke barin farin tabo a jikin bokiti da butar shayi. Wannan aikin kalsiyam da magnesiyam ne, kuma ƙaramar matata ba ta cire su. Sai babbar na'urar da ke aiki da gishiri. Ko ita ma, wani gwaji da aka yi a Ingila kan yara 336 masu ciwon fata na ekzima, aka wallafa a 2011, bai nuna ta ƙara musu sauƙi ba. A lokacin hunturu ma, iska mai bushewa, da ruwa mai zafi sosai, da sabulu mai ƙarfi sun fi kulorin busar da fata, kuma shafa man kaɗanya da zarar an fito daga wanka ya fi sauƙin kuɗi.

Wanda ya yanke shawarar saye ya tambayi mai gyaran famfo game da ƙarfin ruwansa, domin ruwan da ke gangarowa daga tanki marar tsayi yana iya komawa ɗigo idan aka ɗaura masa matata. Ya kuma tabbatar ana samun abin canji na cikinta a kusa, tunda yawancin kamfanoni suna cewa a sauya bayan kamar wata shida. Mai wanka da bokiti kuwa ba ya buƙatarta, ya isa ya bar ruwan a buɗe ya kwana. Ruwan da za a ajiye domin sha kuma a bar masa kulorinsa, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa.