Abin da na koya daga auna hannun direbobi a Zariya

Ko a miƙaƙƙiyar hanya, direba ba ya riƙe sitiyari cak. Hannunsa kullum cikin gyara yake, ɗan dama, ɗan hagu, shi kansa bai san yana yi ba. A kan waɗannan 'yan motsi na yi aikin kammala karatuna a Samaru, don ganin ko za su nuna direban da ya fara gyangyaɗi.

Abu biyu ake aunawa: iya juyawar da sitiyari ya yi, da ƙarfin da hannu ya sa. A motocin da sitiyarinsu ke aiki da lantarki akwai wani siririn ƙarfe a cikin sandar, wanda ke ɗan murɗewa idan ka juya, kuma daga murɗewar nan na'ura ke gane ƙarfin hannunka. Bayanan sai su bi ta layin CAN, tsarin aika saƙo tsakanin na'urorin mota da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, su isa kwamfutar mota. Gyangyaɗi kuwa yana da nasa salon: hannu ya yi shiru na 'yan daƙiƙu, mota ta fara zamewa, sai direba ya farka ya fizgo ta. Irin wannan alama Attention Assist na Mercedes-Benz ke nema tun 2009, ya haska hoton kofi a gabanka, wato ka tsaya ka huta. Tarayyar Turai ma ta wajabta na'urar gargaɗin barci a duk sabuwar mota daga Yulin 2024.

A takarda abin gwanin sha'awa ne. Da muka fita titi, yawancin motocin hayar da muka samu tsofaffin 'yan Kwatano ne da ba su da ma'aunin ko ɗaya, sai muka riƙa ɗaura namu a tsakiyar sitiyari.

Daga Kwangila zuwa PZ, cikin gari, zanen motsin sitiyari da na'urarmu ta fitar ya fito kamar karcen kaza. Nan an kauce wa ɗan acaba, can mai Keke Napep ya tsaya ba sigina. Wannan bai dame ni ba, don ko na Mercedes ɗin na farko sai mota ta kai kilomita 80 a awa yake fara aiki. Matsalar tana babbar hanya. Direba yana tafe lami lafiya, hannu shiru, sai ga rami, ko tirela ta shigo masa hannu, ya fizge. A wurin kwamfuta wannan da gyangyaɗi duk ɗaya ne, alhali a lokacin ne ma idonsa ya fi buɗewa. Na'urar da ke yi wa mutum ƙarya sau uku kafin ya kai Funtuwa, kashe ta zai yi, kuma ban ga laifinsa ba.

Wani dattijon direba da nake kira Baba shi ya ƙara buɗe mini ido. Zanensa kullum a karkace yake zuwa hagu. Da na tambaye shi, dariya ya yi, ya ce motar ce ke ja dama tun da ta faɗa wani rami, shi kuma hannunsa ya saba tare ta har ya manta. Ashe rabin abin da nake aunawa lafiyar ƙafar mota ce, aikin makanike.

Daga nan muka sauya tsari. Kowane direba sai an fara koyon hannunsa a cikin motarsa, a mintocin farko na tafiya, sannan a riƙa kwatanta tuƙinsa da wannan salon nasa. Muka ƙara ma'aunin girgiza, duk fizgar da ta zo tare da dukan taya a ware ta. Ni kuma na koma zama a gidan gaba da littafi, ina rubuta abin da ido ya gani da lokacinsa.

Ramin da direba ya kauce wa tsaf, taya ba ta taɓa shi ba, shi ne ya gagare mu, don babu girgizar da za ta ba da shaida. Wannan sai da kyamara mai kallon titi, kuma kuɗin aikinmu bai kai nan ba.